Yadda za ka gane Turancin masu sharhin ƙwallo

A gidan kallo ba za ka tsinci komai ba, ihun 'yan Arsenal kaɗai ya isa ya danne muryar mai sharhi. Bari sai washegari, ka toshe kunne da iyafis, ka buɗe taƙaitaccen wasan a YouTube. Tunda ka riga ka san yadda ta kaya, hankalinka zai koma kan magana.

Galibi mutum biyu ne ke sharhin wasan Firimiya. Na farko yana bin ƙwallo, rabin maganarsa sunayen 'yan wasa ne. Na biyu tsohon ɗan wasa ne, yana shigowa lokacin da ake maimaita hoto a hankali, kuma a nan darasin yake, don idonka na kan abin da bakinsa ke faɗa. Amma kada ka fara da Jamie Carragher, tsohon ɗan wasan Liverpool da ya koma sharhi. Turancinsa na Liverpool ne, ni har yau sai na mayar baya nake kama shi.

Kalmomin dokar wasa ba wuya: offside satar gida, corner bugun kusurwa. Masu rikita mutum su ne waɗanda ƙamus zai ba ka wata ma'ana daban. In ka ji woodwork, ba kafinta ake nema ba, ƙwallo ce ta daki turke. Clean sheet, ba a zura wa gola ko ɗaya ba. Brace, mutum ya ci biyu. Sitter kuwa damar da ko yaro ba zai ɓarar ba, shi ya sa kusan kullum da missed take tafiya. Park the bus, a taru a baya a toshe raga. Mourinho, kocin Chelsea na lokacin, shi ne ya yayata ta a Ingila a 2004, yana ƙorafi kan Tottenham bayan sun tashi babu ci da Chelsea.

Kula da guda biyun nan da mu duk ƙarin lokaci muke ce musu. Stoppage time mintunan da alƙalin wasa ke ƙarawa ne a ƙarshen kowane zagaye. Extra time minti 30 ne cur, sai a wasan sili-ɗaya-ƙwale idan an yi kunnen doki.

Duk wasa ka rubuta kalma uku kawai, da mintin da ka ji su. Daga nan ka kashe sauti, ka gwada sharhin da bakinka.