Kurakuran da ke cinye ribar masu injuna a Maraɗi

Aikina haɗa wuta ne da gyaran injuna. Na shiga ma'aikatun garin nan da yawa, na masu niƙa, na masu matsar man gyaɗa, na masu ƙanƙara da na masu walda. Yawancin waɗanda na ga sun rufe, ba rashin ciniki ya rufe su ba. Kuɗin wuta da na mai ne suka ci su a hankali, kamar yadda gara ke cin azara. Abin yana damuna, domin duk injin da ya tsaya, tukunyar gidaje biyar ko goma ce ta tsaya tare da shi.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne duba kuɗin sayen inji kawai. Wani Alhaji ya kira ni in haɗa masa tsohon moto, wato injin lantarki mai juya injuna, da ya samo da araha. Na duba farantin da ke jikinsa, na ce, "Alhaji, ka lissafa abin da wannan zai sha a wata?" Ya ce, "Ɗana, haɗa kawai, kowane inji da abincinsa." Bayan wata uku ya aiko a kira ni, takardar kuɗin wuta tana hannunsa, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Moton da ke aiki kullum, wutar da zai sha a rayuwarsa ta ninka kuɗin sayensa sau da yawa. Maganin wannan kuskure shi ne littafin rubutu na ƴan makaranta. Kowace safiya a rubuta lambar da kwantar, wato mitar wuta, ta nuna, da litar gazuwal da aka zuba, da yawan buhunan da aka niƙa ko jarkokin da aka cika. Ƙarshen wata a raba. Wanda ya san kuɗin wutar da ke cikin kowane buhu shi ne zai gane ranar da bel ya saki ko haƙoran inji suka dakushe, tun kafin aljihunsa ya gaya masa.

Sai rataya jari duka a igiya ɗaya. Wutar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana zuwa daga Katsina ta layin Gazawa. A watan Agustan 2023, bayan takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai watan Maris na 2024. Waɗanda suka ce ai akwai ruwa-ruwa, wato fetur ɗin sumoga da ake sayarwa a bakin hanya, su ma ƙasa ta riga ta zame musu, don tun watan Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin fetur, arahar da ke tsallako iyaka ta Dan Isa ta kau. Matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, ita ce nauyin ya koma wa, kuma mun ga layukan gidajen mai a watan Maris na 2025. Duk wanda yake gina lissafin shekara goma a kan man araha yana gini ne a kan rairayin gulbi. Ma'aikata tana bukatar hanya biyu aƙalla, kuma mai ita ya san aikin da zai ci gaba da wanda zai jira idan ɗaya ta ɗauke.

Da yawa suka ruga suka sayi gurup, wato janareto, kuma suka sayi wanda ya fi ƙarfin aikinsu nesa. Dalilinsu gaskiya ne: moto idan zai tashi yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake sha a tafiya. Amma injin gazuwal da ke wuni yana ɗauke da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa yana ƙona mai a banza, yana tara baƙin dauɗa a cikinsa. A sa wa moton na'urar da ke tayar da shi a hankali, a kuma riƙa kunna injuna ɗaya bayan ɗaya, babba a fara. Gurup matsakaici ya isa.

A kan wutar rana na fi jin takaici, domin nan ne alherin yake, nan ne kuma aka fi zubar da kuɗi. Farashin fano, wato farantin wutar rana, ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, rana kuwa Allah ya hore mana. Amma sai mutum ya ce yana so ya yi niƙa da dare da batir, a jera masa batura ɗaki guda, su mutu kafin shekara biyu. Batirin darma ba ya son a sha fiye da rabinsa, ba ya kuma son ɗaki mai zafi. Wata ƙungiyar mata masu ƙuliƙuli da na yi wa aiki, shugabarsu ta tambaye ni batir nawa za su saya. Na ce, "Hajiya, ku fara sauya lokacin aiki." Suka maida suya zuwa sassafe, niƙa da matsa daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da fano ke ba da wuta kai tsaye. Batir biyu suka saya, na fitila da cajin waya. Fanon ya fuskanci kudu, a ɗan karkace shi kamar digiri 15, a bar iska ta ratsa ƙarƙashinsa, don zafi yana rage masa ƙarfi. Lokacin hunturu kuma a wanke shi da sassafe, kada a jira ƙura ta yi masa bargo. Na sha hawa rufin da aka ce fano ya lalace, in rubuta sunana da yatsa a kan gilashin.

Ginin ma ana mantawa da shi. Ruwan da ya yi ɓarna a garin nan a damanar 2024 ya shiga shaguna ya tarar da motocin injuna a ƙasa. Dakali mai tsayin gwiwa ya fi sabon naɗin waya araha. Mai ƙanƙara kuma da ya ajiye firiza ƙarƙashin kwano tsirara a watan Afrilu, rana yake biya wa kuɗin wuta. Silin, taga ta sama da inuwar itacen bedi (dogon yaro) biyu a yamma za su rage masa.

Akwai masu cewa maganar sauyin yanayi ta Turawa ce. Nijar tana cikin yarjejeniyar Paris ta 2015, kuma masu ba da rancen manyan ayyuka sun karkata ga irin tashar wutar rana ta Malbaza mai megawat 7 da ta Goru Banda mai megawat 30. Tarayyar Turai ta kafa haraji a kan hayaƙin da aka fitar wajen ƙera siminti, ƙarfe da taki da ake shigar mata. Bai taɓa aya ko riɗi ko fatar jar akuya ba, amma ya nuna inda kasuwa ta dosa. Abin da ya fi kusa da mu shi ne layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalinsa a 2021. Ranar da jirgi ya fara sauke kaya, man gyaɗar Kano zai zauna gefen namu a kasuwa, mai saye kuma farashin jarka kawai zai tambaya.