Yadda Ake Gasa Burodi Marar Gulutin a Gida

Gulutin sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir da danginsu. Shi ke ba kwaɓin fulawa danƙo, ya riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya tashi. Amma masu cutar siliyak, kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya, ko kaɗan suka ci yana yi wa ƙaramin hanjinsu illa. In an cire alkama kuwa, dole a samo abin da zai maye gurbin danƙon nan, in ba haka ba burodin ya fito daskare kamar bulo.

A ganina babu abin da ya kai ɓawon siliyam a wannan aiki. Ɓawon ƙwayar wani tsiro ne da aka fi nomawa a Indiya, da ya ji ruwa sai ya yi yauƙi. Wasu na amfani da garin zantan, wani sinadari mai sa kwaɓi kauri da danƙo, sai dai kwaɓinsa ba ya murzuwa a hannu.

Ga abin da za a tanada: garin shinkafa giram 200, garin dawa ko gero giram 150, sitacin rogo ko na dankalin turawa giram 150, ɓawon siliyam giram 25, busasshen yis giram 7, gishiri giram 9, sukari babban cokali 1, mai babban cokali 2, ruwan khal ƙaramin cokali 1, da ruwan ɗumi mililita 480. A auna da sikeli. Kofi yana yaudara, domin kowane gari da nauyinsa.

Kafin a taɓa komai, a duba kayan aiki. Rariya ko muciyar katakon da ta saba da fulawa tana ɓoye gari a lungunanta, haka ma garin da aka niƙa a injin da ke niƙa alkama. Ga mai siliyak wannan ba ƙaramin abu ba ne, gara a ware masa kayansa daban.

Da farko a ɗebi kaɗan daga ruwan ɗumin, a zuba yis da sukari, a bar su minti 10 su yi kumfa. Ruwan ya zama wanda yatsa zai zauna ciki ba ƙuna, don mai zafi yana kashe yis. Sauran ruwan a zuba masa siliyam a juya da sauri, cikin minti 2 zai kama. Sai a haɗa garuruwan da gishiri a kwano, a juye ruwan yis, siliyam, mai da khal, a cuɗa har babu sauran busasshen gari.

Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin. Kwaɓin zai riƙa maƙale wa yatsu, sai hannun da ya saba da fulawa ya kai ga ƙarin gari. Kada a ƙara. Waɗannan garuruwa sun fi alkama shan ruwa, kuma damshin nan shi ke sa burodin laushi. A shafa mai a tafin hannu, a mulmula shi, a saka a gwangwanin burodin da aka shafe da mai.

A rufe da tsumma mai damshi a ajiye wuri mai ɗumi minti 45 zuwa awa 1. Tashi ɗaya ya wadatar, kuma kada a jira ya wuce ninki biyu, domin in ya kumbura da yawa tsakiyarsa za ta lotsa a oben.

A gasa a zafin digiri 200 na ma'aunin Salshiyas kamar awa 1. In sama ta yi ja da wuri a rufa mata takardar foyil. Daga nan a fitar da shi daga gwangwani, a ƙwanƙwasa ƙasansa, in ya yi ƙarar abu mai rami ya gasu.

Ƙamshi zai ja hankali, amma a haƙura da wuƙa awa 2 zuwa 3. Sitacin ciki bai gama zama ba sai ya huce sarai, yankan wuri kuwa caɓi yake bayarwa. Burodin nan yana saurin bushewa, don haka abin da ba za a ci cikin kwana 2 ba a yayyanka a sa a firiza, a riƙa ɗauko yanka ɗaya ana ɗumamawa a kasko.