Yadda za ka karanta tarihin cocin Akdamar daga jikin bangonsa

Cocin yana kan wani ƙaramin tsibiri a tafkin Wan, gabashin Turkiyya. Ana shiga jirgin ruwa kusa da garin Gewash, tafiyar kamar minti ashirin, amma masu jirgi sukan jira mutane su taru, don haka a yi sammako.

Kada ka yi gaggawar shiga ciki, labarin yana waje. Sarki Gagik na Wasfurakan, wata tsohuwar masarautar Armeniyawa, shi ne ya sa magini Manuwel ya gina shi da jan dutse tsakanin 915 da 921, aka sassaƙa hotuna kewaye da bangon. Fara da bangon kudu da hantsi, lokacin da inuwa ke fito da sassaƙar. Nan za ka ga Annabi Yunusa ana jefa shi daga jirgi ga kifi, ga kuma Annabi Dauda da majajjawarsa a gaban Jaluta. Zagaya arewa ka ga Adamu da Hawwa'u. A yamma ɗaga kai sama: Gagik ne riƙe da ɗan samfurin cocin yana miƙa wa Almasihu.

Sai ka raba tsoho da sabo, domin nan baƙi ke ruɗewa. Zauren da ke manne da ƙofar yamma a 1763 aka ƙara shi, hasumiyar ƙararrawa ma ta ƙarni na 18 ce. Duba bangonsu, ba su da irin waccan sassaƙa. Ƙananan ramukan da ke jikin wasu hotuna kuwa ba cin iska ba ne kawai, akwai tabon harsashi. Tun 1113 wurin yake kujerar wani babban limamin Armeniyawa har zuwa 1895, sannan kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa a 1915 ya watse da masu shi, ginin ya zama kufai. A 1951 har an fara rushe gine-ginen tsibirin, marubuci Yashar Kemal ya kai kuka ga hukuma aka dakatar.

Allon bayanin da ke wurin, karanta shi da lura. Gwamnatin Turkiyya ta gyara ginin, ta buɗe shi a 2007 a matsayin gidan tarihi, ba tare da gicciye a kan ƙubba ba. Sai a Satumbar 2010 aka yarda da ibada ta farko, gicciyen ya hau daga baya, kuma izinin na sau ɗaya ne a shekara. Ko sunan ma rigima ne: Armeniyawa na cewa Aktamar, hukuma na rubuta Akdamar, wato “farar jijiya” da Turkanci. Wanda duk ka furta, mai sauraro zai ɗauka ka zaɓi ɓangare.

Hotunan fenti na ciki sun koɗe ƙwarai, kada ka taɓa su.