Yadda Za Ka Tattara Takardun Bincike da Zotero

Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri a Jami'ar Marwa ko ta Ngaundere ya san wahalar neman maƙalar da ya sauke bara, ya rasa a wace waya ta shige. Ka sauke Zotero, manhaja ce kyauta, ka haɗa ta da burauzarka, domin duk maƙalar da ka buɗe a ajiye sunan marubucinta da shekararta da dannawa ɗaya. Sai ka buɗe rukuni a cikin Zotero ka gayyato abokan aikinka, domin ku riƙa tara maƙaloli wuri ɗaya. Amma ka lura, megabayit 300 kawai na wurin ajiyar fayiloli a intanet Zotero ke bayarwa kyauta, saboda haka manyan fayiloli su zauna a kwamfutarka, musamman inda intanet ke yawan yankewa.