Kurakuran da masu kiwon gajeren karen nan tekel suka fi yi, da yadda za a gyara

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar karen nan mai dogon baya da gajerun ƙafafu nake so mu yi, wanda masu Faransanci ke ce ma tekel, masu Ingilishi kuma dakshund. Ba shi da yawa a nan Damagaram, amma an fara ganinshi jifa-jifa a wasu gidaje, wani an kawo mishi daga Yamai wani daga Kano, kuma abin da ke damuna shi ne yawanci ana riƙe shi kamar yadda ake riƙe karnukanmu na gida masu dogayen ƙafafu da suka saba da rana da wahala, alhali jikinshi daban ne kwata-kwata. Maganar halaccin ajiye kare a gida wannan ta malamai ce, ku tambaye su, ni abin da na sani shi ne duk wanda ya ɗauko rai ya ajiye to haƙƙin ran nan yana wuyanshi.

Asalin karen nan daga Jamus ne, an yi shi ne dan farauta, yana shiga rami ya fito da wata dabba ƴar uwar dage, ƙananan kuma su bi zomo. Shi ya sa ƙafafun gajeru, ƙirjin babba, muryar kuma ta fi ƙarfin jikin. Ƙungiyar masu kiwonshi ta Jamus tun 1888 take, kuma shi aka ɗauka alamar wasannin Olamfik na birnin Munik a 1972. Akwai mai gajeren gashi mai sulɓi, akwai mai dogon gashi, akwai mai gashi kaushi. Babban yana kai kilo 7 zuwa wajen 14, ƙaramin bai wuce kilo 5. In an kula da shi yana yin shekara 12 zuwa 16, to kun ga ba abin wasan wata biyu ba ne.

Kuskuren da ya fi kowane girma, kuma wanda na fi so ku riƙe ko da kun manta sauran, shi ne rashin kula da bayanshi. Ku dubi azara, in ta yi tsawo kuma ginshiƙan da ke riƙe da ita suna nesa da juna, kaya kaɗan za a ɗora ta fara lanƙwasa a tsakiya, to haka bayan tekel yake. Tsakanin ƙasusuwan bayan akwai wasu faya-fayai na guringuntsi da ke hana su gugar juna, a wannan irin karen suna bushewa su taurare tun yana ƙarami, halittarshi ce haka, sai wata rana ɗaya ya fashe ko ya zamo ya danne laka. Likitocin dabbobi na ce mishi herni diskal. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan karnuka sai ya gamu da ciwon nan a rayuwarshi, kuma ya fi kama su tsakanin shekara 3 da 7, wato lokacin da mai shi ke ganin karen na cikin ƙarfinshi.

To me mutane ke yi? Ana barinshi ya yi ta tsalle daga kan gado, daga kan kujera, daga bayan mota, yana hawa matakalar bene yana sauka sau ba adadi a rana, yara na kama ƙafafunshi na gaba suna miƙar da shi wai ya yi rawa, wani ma ya ɗauke shi ta hammata bayan na lilo a iska. Wallahi duk wannan cutarwa ce ko da karen na kaɗa wutsiya. In za ka ɗauke shi, hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji ɗaya ƙarƙashin gindi, bayan ya tsaya a miƙe, ka jawo shi jikinka, haka kuma za ka sauke shi har ƙafafun su taɓa ƙasa, kar ka sake shi daga sama. Ka koya ma yaran gidan su zauna a tabarma in suna son wasa da shi. Matakala a tare ta da katako. In akwai dakali ko wani wuri mai tudu da ya saba hawa, kafinta zai iya yi maka ɗan allo mai gangara a buga mishi tsumma ko buhu dan kar ya yi sulɓi. Simintin da aka goge da daɓen karo, wato tayil, su ma suna sa ƙafafunshi su zame, a shimfiɗa tabarma a inda ya fi bi. Sannan dan Allah maganar ɗaukar shi a moto a riƙe da hannu ɗaya ana faɗawa ramuka a bari, in dole ne a sa shi cikin kwando ko kwali mai ƙarfi da shimfiɗa.

Wani kuskuren da ke biyo wannan shi ne rashin gane alamun ciwon da wuri. Kare ya ƙi tashi, ya gantsare baya, yana rawar jiki ba sanyi ake ba, in ka taɓa shi ya yi ƙara, yana tafiya yana tangaɗi ko yana jan ƙafar baya har faratan na gugar ƙasa, ko fitsari ya fara zubo mishi ba ya sani, sai ka ji an ce ai gajiya ce, ko an ce jifa aka yi mishi. Daga nan sai a shiga murza mishi baya, a ja ƙafafu wai a gyara targaɗe, a ba shi parasetamol ko ibuprofen ko diklofenak na mutane. Magungunan nan suna iya huda cikin kare, su lalata mishi ƙoda ko hanta, kar a ba shi ko rabin ƙwaya sai da izinin likita. Abin yi shi ne a sa shi wuri ɗan ƙarami inda ba zai iya yawo ba, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi a kai shi wajen likitan dabbobi a ranar, ba gobe ba, dan in ƙafafun suka mutu har bai jin tsungulin yatsa to awoyi ne ake lissafi. In ciwon bai yi tsanani ba yawanci magani ne da hutu a keji na sati 4 zuwa 6, fita sai dan fitsari da kashi. A nan ma ake ƙara yin kuskure, bayan kwana kaɗan magani ya danne zafin, kare ya fara walwala, sai tausayi ya sa a buɗe mishi, alhali bayan bai warke ba, sai ya koma ya fi da. Tiyatar baya kuwa aiki ne na ƙwararru da na'urori masu tsada, ba abu ne da za ka ce yana nan kusa da kai ba, shi ya sa nake ta nanata kiyayewa.

Sai ƙiba, wadda ita ma a bayan take ƙarewa. Mu a wajenmu dabba in ta yi ɓul-ɓul ita ce ta samu mai kula, to a tekel kilo ɗaya na ƙari babban kaya ne. Karen nan akwai kwaɗayi da iya kallon tausayi, kowa ya zauna cin abinci sai ya jefa mishi loma. Ka shafa gefen ƙirjinshi, ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, in ka dube shi ta sama ka ga ƙugu ya ɗan shiga. Babba a ba shi abinci sau biyu a rana da awo, ɗan kwikwiyo sau uku ko huɗu. Ragowar tuwo da miya kullum bai isar da shi, ga gishiri ga magi ga mai. In kana samun abincin karnuka na buhu to, in ba ka samu shinkafa da dafaffen nama ko ƙwai ba yaji, da ɗan karas ko kabewa, ka kuma tambayi likita abin da za a ƙara saboda ƙashi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ɗanye ko dafaffe, to kun ga tsire da kilishi da miyarmu duk sun shiga ciki. Shokola da inabi da goro guba ne gare shi. Ƙashin kaza ko na zabo da aka dafa yana tsagewa ya soke hanji, ƙwallon dabino kuma na iya toshe shi, musamman lokacin azumi da ake yar da su ko'ina a tsakar gida. Da sallar layya ma a kula, kitsen da ake tara mishi rana ɗaya yana iya kwantar da shi da amai da ciwon ciki mai tsanani.

Amma kar tsoron baya ya sa ka kulle shi ba motsi, naman jiki mai ƙarfi shi ke tallafe ƙashin. Tafiya a ƙasa shimfiɗaɗɗa sau biyu a rana, kamar minti ashirin zuwa talatin, ta ishe shi. Igiyar a ɗaura ta a ɗamarar ƙirji, ta wuya tana fizgar mishi ƙashin wuya in ya ja. Hawa duwatsun unguwar Birni da shi kuwa a bar ma masu dogayen ƙafafu.

Zafin garin nan ma ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. A watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, shi kuma cikinshi ɗan taƙi ne tsakaninshi da ƙasa, duk hucin yashi a jikinshi yake ƙarewa, ga shi kare bai zufa kamar mu, da haki yake fidda zafi. Fita sai da sassafe ko bayan magariba. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, in ba ka iya jurewa to tafin ƙafarshi ma ƙonewa zai yi. Na san wahalar ruwa a Zinder, amma kwanonshi kar ya bushe ko sau ɗaya, a ajiye a inuwa, kuma kar a ɗaure shi a inda inuwar safe ke guduwa da azahar, ko ƙarƙashin rufin kwano, ko a bar shi cikin mota a rufe ko na minti biyar. In ka ga haki ya yi yawa, harshe ya yi ja wur, miyau na dalala yana layi, ka kai shi inuwa ka zuba mishi ruwa mai sanyi a kan cikinshi da ƙafafu, a yi mishi fifita, sannan a nufi likita. Da hunturu kuma mai gajeren gashin yana jin sanyin dare sosai, a ba shi tsohon bargo a wurin da iska ba ta bugawa.

Rigakafi mutane na wasa da shi wai ai kare bai fita. Ciwon nan na amai da gudawar jini da ke kashe ƴan kwikwiyo a takalmi ma ana shigo da shi gida. Allurar farko tun yana sati 6 zuwa 8, a maimaita har ya kai wata huɗu, ta ciwon haukan kare kuma daga wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a karne, wato katin allura. Wannan ta ƙarshen kariyar iyalinka ce, dan ciwon in ya bayyana a jikin mutum ba ya da magani. In kare ya ciji wani, kowane kare ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a tafi asibiti. Maganin tsutsar ciki ma a riƙa ba shi akai-akai. Kaska tana yawa da damina musamman gidan da akwai tumaki da awaki, tana sa ma kare zazzaɓi da ƙarancin jini, amma dan Allah kar a shafa mishi kalanzir ko baƙin mai, kuma kar a yi mishi wanka da maganin feshin shanu ko na gona da ƙiyasin ido, ƙaramin jiki ne, kaɗan ke kashe shi. Kunnuwan nan nashi masu faɗowa a riƙa ɗaga su ana dubawa, ƙarangiya da kaska na ɓuya a ciki da tsakanin yatsu. Farce in ya yi tsawo a rage, haƙora a riƙa gogewa, ba da man goge baki na mutane ba.

Halinshi kuma shi ke sa wasu su fara dukanshi. Yana da haushi, yana da tona, yana da taurin kai, kuma yana daɗewa bai koyi inda zai yi fitsari ba. Duk aikin da aka yi shi dominshi ne ke fitowa, karen da zai shiga rami shi kaɗai dole ya zama mai yanke ma kanshi shawara. Duka bai gyara shi, sai dai ya sa ya zama mai cizo, kuma sanda ɗaya a baya na iya gurgunta shi har abada. Fitar da shi wuri guda bayan ya ci da bayan ya tashi barci, in ya yi daidai ka yaba mishi ka ba shi ɗan abu, a hankali zai gane. Ware mishi kusurwa mai yashi ya tona, ka riƙa duba gindin katanga in ta ƙasa ce dan yana iya huda ta ya fice, ramukan gafiya kuma a toshe saboda maciji da kunama. Kaji da tantabaru da zomaye a raba su da shi, a wajenshi abin farauta ne. Zai sanar da kai in baƙo ya taɓa ƙofa, wannan kam ya iya, amma ɗaure shi da sarƙa a zaure shi kaɗai dare da rana a ce gadi yake zalunci ne, kare ne mai son zama kusa da mutanenshi.

Wajen saye ma a buɗe ido. Kar ka karɓi ɗan da bai kai sati 8 ba, ka nemi ganin uwar da karnen allurarta, ka tambaya ko iyayen sun taɓa ciwon baya. Akwai masu launi dabbare-dabbare da ke burge mutane, to in aka haɗa mace da namiji duk masu wannan launin, cikin ƴaƴan ana samun makafi da kurame, in mai sayarwa ya ce maka iyayen duka biyu haka suke ka bar mishi abinshi.