Yadda zaka daidaita kaurin ruwan nanoselulos kar ya lalace maka

Ƴan uwa ɗaliban kimistiri na nan Katsina masu ciro selulos, wato zaren da ke jikin tsiro, daga karan dawa ko ɓuntun shinkafa suna niƙa shi a ruwa har ya koma siraran zaren da ido baya gani (shine nanoselulos), kullum tambayar ɗaya ce, wai me yasa na wane yayi kauri kamar kamu nawa kuma tsululu alhali gona ɗaya muka yanko karan. To ba laifin kara bane, abinda kayi masa ne.

Fara da selulos kashi 1 zuwa 2 cikin 100, sauran duk ruwa. A hakan ma in ya niƙu zaka ga ya kama kamar kunun da ya kwana, ka kife kwalbar ya ƙi zubowa, kana girgizawa ya saki, ka ajiye ya sake kamawa. Zaren ne suka sarƙe da juna, motsi ke jera su.

Kafin ka kai shi injin homojinaiza, mai matso shi da ƙarfi ta siririyar kafa don zaren ya warware, tausasa shi tukuna, ko da enzayim (sinadari mai sassauta zaren) ko da sinadarin TEMPO irin na su masanin kimiyya Isogai na Jami'ar Tokyo, in ba haka ba injin toshewa zai yi, tun 1983 da su masanin kimiyya Turbak suka fito da wannan hanya ta niƙa selulos da injin a Amurka ake fama da toshewar nan. TEMPO na sa wa zaren cajin lantarki suna ture juna har faɗin zare ɗaya ya koma nanomita 3 ko 4 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ruwan ya fito garau.

Sai ƙirga zagaye, nan ne ake faɗuwa. Duk wucewa ta injin kauri na ƙaruwa amma akwai inda yake tsayawa, ka matsa gaba zaren ya kakkarye kaurin ya sauka. Ni na taɓa ɗauka yawan niƙa shine gwaninta, tun hantsi nake maimaitawa, da la'asar wallahi abin ya koma kamar koko. Ɗebi kaɗan a kwalba bayan kowane zagaye ka rubuta lamba a jiki.

Kar ka tsarma da ruwan bohol, gishirin ciki na danne cajin sai ya dunƙule. Kar kuma ka shanya shi, in ya bushe zaren sun manne kenan, ko ka jiƙa ba zai dawo yadda yake ba.

Wajen awo kuma bar kowane samfuri ya huta minti iri ɗaya bayan ka motsa shi, a zafi iri ɗaya, don awon safiyar hunturu da na azahar ɗin Afrilu ba zasu taɓa haɗuwa ba.