Yadda za ka tsara shekararka da ranakun hutu a Jihar Filato

Duk wanda aiki ko kasuwanci ko bautar ƙasa ya kawo shi Jos, abu na farko da nake faɗa masa shi ne kalanda ɗaya ba ta isar mutum a jihar nan. Ƙananan hukumomi 17 ne, ƙabilu kuwa sun fi 40, Kirista da Musulmi da masu addinin gargajiya duk a kan tsaunukan nan, to ka nemi ɗan littafi ko ka buɗe kalandar wayarka mu cika ta tare.

Fara da na gwamnatin tarayya masu tsayayyar rana, su ba wahala: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu ranar ma'aikata, 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya (da can 29 ga Mayu ce, daga 2019 aka koma 12 ga Yuni), 1 ga Oktoba, sai 25 da 26 ga Disamba. In ɗaya ta faɗo Asabar ko Lahadi kar ka yanke wa kanka hukunci cewa Litinin ba aiki, jira sanarwar ma'aikatar harkokin cikin gida tukuna.

Sai masu yawo. Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Mauludi kowace shekara suna matsowa baya da kamar kwana 11, kuma sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata ake tabbatarwa, don haka ka sa musu alamar kwana biyu zuwa uku. Ista ma tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, hutunta Juma'a ne da Litinin, wato kwana huɗu a jere banki a rufe. A 2025 Ƙaramar Sallah ta zo ƙarshen Maris, Ista kuma 20 ga Afrilu, sati uku kacal a tsakani, mai harkar biyan kuɗi a ofis ya san yadda watan nan ya kasance. Wani abu da 'yan uwanmu daga Kano da Sakkwato suke mantawa, hutun sabuwar shekarar Musulunci da suka saba da shi na jihohinsu ne, ba na tarayya ba, kar ka kwanta barci a Jos kana cewa ai yau 1 ga Muharram.

Yanzu ga wanda ya fi ba mutane matsala, bukukuwan ƙabilu. Waɗannan ba za ka gan su a kalandar da banki ke rabawa ba, amma ranar da ake yin su garin nasu ne. Berom suna da Nzem Berom, Mwaghavul na Mangu suna da Puus Kaat, Ngas na Pankshin suna da Pusdung, Tarok na Langtang suna da Ilum Otarok, Goemai na Shendam suna da Bit Goemai, Afizere kuma Igoon Izere suke yi a farkon shekara. Da yawansu a rani ake yi kafin damina ta kankama mutane su koma gona, kuma ƙungiyar ci gaban ƙabilar da fadar sarkinsu ne ke sa rana, wata shekarar ma a ɗaga. Ni shekarar da na fara harkar masara na tashi da asuba na shiga mota zuwa Mangu ban tambayi kowa ba, ina isa na tarar da mutumin da zai haɗa min kaya ya rufe shago ya sa kayan gargajiya, kiɗa na tashi, mata sun jeru suna rawa, hanya cike da motocin 'yan gari da suka dawo daga Abuja da Legas. Ya ce min "Malam ai yau ba ciniki, zo ka ci abinci." Na ci, na yi kallo har yamma, kuma gaskiya na ji daɗin ranar sosai, amma kuɗin mota zuwa da dawowa ya tafi. Tun daga nan kafin in je kowace ƙaramar hukuma sai na kira mutum ɗaya ɗan garin na tambaye shi, akwai wani biki satin nan?? Direbobin tasha ma sun fi kowa sani, ka tambaye su. Haka Wase da Kanam inda akwai masarautu, lokacin Sallah can ma gari na Sallah ne.

Cikin Jos kuwa ka saurari rediyon jiha daren jajibiri, saboda sau da yawa 'yan sanda kan hana Keke Napep fita a Jos da Bukuru ranar Sallah ko Kirsimeti, wanda bai ji ba sai ya sha tafiyar ƙasa da yara. Cefane ka yi shi kwana biyu kafin nan, tumatur da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada, ka ciri kuɗin hannu tun da wuri don layin ATM ba ya kyau. In lokacin Kirsimeti ne ka zo da rigar sanyi mai kauri da safa, garin yana kan tudu sama da mita 1,200 daga matakin teku, sanyin Disamba da Janairu da asuba har cikin ƙashi yake shiga.

In kana da ma'aikata ko yaran shago, tun farkon shekara ku zauna ku raba, Musulmi ya tsare wuri ranar Kirsimeti, Kirista ya tsare ranar Sallah, wanda bikin garinsu ya zo a ba shi kwana biyu ya je gida. Maƙwabta kuma kar ka bari ranar ta wuce ba ka ce barka da Sallah ko barka da Kirsimeti ba, in ka yi layya ka aika da nama, in sun aiko da shinkafa da cincin ka sa yaro ya mayar da kwanon da godiya.